Malam Ɗantani da Agogon Landan

Da a ce cika baki sana'a ce, da tuni Malam Ɗantani na Sheshe ya gina bene. Mutum ne dogo siriri, mai maƙogwaro kamar goro ya maƙale masa, kuma babu abin da za a ambata a duniya wanda bai riga kowa saninsa ba. In ka ce ciwon haƙori, shi ya koya wa wanzami cira. In ka ce jirgin sama, saura ƙiris ya tuƙa, direban ne ya yi masa baƙin ciki. Aji ɗaya yake koyarwa a wata makarantar elemantare da ke gindin Goron Dutse, amma in ka ji shi a zaure sai ka rantse shi ya kawo boko ƙasar Hausa a kafaɗa.

A shekarun nan da ake ta zancen mulkin kai, aka ba makarantarsu kyautar littattafai, aka ce a je Zariya a ɗauko. Hedimasta, Malam Salihu, mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Ya duba malamansa duka, ya zaɓi Ɗantani, don kawai kunnuwan makaranta su huta kwana biyu. A Zariya, kafin jirgin ƙasa ya zo, Ɗantani ya leƙa ta tagar wani laburare. Ya ga kantoci cike da littattafai, ya ga wani Bature yana barci da jarida a fuska, ya ga agogo a bango. Iyakar abin da ya gani ke nan. Da ya dawo Kano ya ce kwas ya yi.

"Laburare ilmi ne mai zaman kansa," haka yake gaya wa duk wanda ya yi kuskuren gaishe shi. "Akwai waɗanda suka tsufa a Ingila ba su gane kansa ba. Ni kallo ɗaya na yi masa."

Hedimasta ya sa aka share wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsintsiya da alli, mai ƙyaure ɗaya da taga ɗaya mai sandunan ƙarfe. Aka sa kabad, aka jera benci biyu, aka rataya taswirar duniya. Sannan ya miƙa wa Ɗantani makulli.

"Abu ɗaya nake so, Malam. Ka tsayar mana da lokacin buɗewa da na rufewa, yadda yara za su samu su karanta. Ni a ganina..."

"Allah ya gafarta Malam, ajiye ganinka. Wannan fannina ne. Zamanin a ce da hantsi, a ce da sakaliya, a ce in inuwa ta kai gindin bango, ya wuce. Laburare da agogo yake aiki."

Washegari ya kutsa Kasuwar Kurmi, ya dawo da wani tsohon agogon bango wanda aka ce daga gidan wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya fito. Tsawonsa ya kai na yaron goye, yana da harshe mai reto a ciki, in ya buga kuwa har kaji sai sun watse. Mai agogon ya ja masa kunne: a riƙa murɗa makullinsa a hankali, kuma kome tsanani kada a mai da hannunsa baya. Ɗantani ya ce shi za a koya wa agogo? Ya ɗora wa ɗan dako, ya biyo bayansa ta tsakiyar Sheshe yana kore mutane daga hanya, sai ka ce amarya ake kaiwa.

Ya zauna ya yi dogon nazari, ya yanke cewa ƙwaƙwalwa da safe ta fi ɗaukar karatu. Ya rubuta a takarda da manyan baƙaƙe cewa za a buɗe ƙarfe tara na safe, a rufe goma. Ya shafa wa takardar talge ya manna a ƙyaure. Tara na bugawa ya buɗe, ya harɗe a benci yana jiran cincirindo.

Ko ƙuda bai shigo ba. Haka jiya, haka yau. Baƙo ɗaya da ya zo shi ne akuyar 'Yardada, wadda ta ji ƙanshin talge, ta miƙe da ƙafa biyu ta lashe takardar, ta haɗa da rubutun ta cinye.

'Yardada tsohuwa ce mai suyar ƙosai a ƙofar makaranta safe da yamma. Ta san Ɗantani tun yana yawo da bante, kuma har gobe ba ta kiransa malam, sai dai ɗan Hajo, da sunan uwarsa. Ya fito a fusace riƙe da kunnen akuyar.

"Iya, dabbarki ta cinye dokar gwamnati!"

"To ka gode mata, ɗan Hajo. Duk unguwar nan ita kaɗai ta ci wani abu daga ilminka."

"Sai na kai ƙara!"

"Kai mana. Ka ce wa alƙali ka dama kunu ka shafa a ƙofa, akuya ta yi maka rashin ladabi."

Ya saki akuyar ya nufi ofis, ya shaida wa Hedimasta cewa yaran Kano ba sa son ilmi. Malam Salihu ya cire tabarau ya goge.

"Malam, ƙarfe tara ai suna aji. Naka ajin ma yana can babu malami, sun mai da tebur ganga."

Ɗantani ko gezau. "Na sani. Gwaji na yi, in ga ko akwai mai kishin da zai gudo."

Aka mai da lokaci yamma. A daren da ya yanke wannan shawara bai yi wata ɓarna ba, sai washegari da ya biya zauren Mai Unguwa, inda aka rataya akwatin rediyon nan mai waya, mutane na sauraron labaran duniya. Aka ji agogon Landan ya buga uku. Mai Unguwa ya zaro nasa na aljihu ya ce nan kuwa huɗu ta yi, dama sa'a guda ce tsakaninmu da su.

Ɗantani ya miƙe tsaye. "Watau duk shekarun nan a kan kuskure garin nan yake tafiya! Su suka ƙera agogo, sannan ku ce naku ne daidai? Kaza za ta koya wa shaho tashi?"

Aka yi masa bayani, aka sake yi. Ina! Ya sheƙa makaranta. Da yake an hana shi mai da hannun agogo baya, sai ya hau benci ya kama harshen ya riƙe gam, ya tsaya a haka sa'a guda cur, gumi na bin gemu, har sai da ya tabbata Landan ta cim masa. Sannan ya sa aka sanar a kowane aji cewa laburare ƙarfe huɗu ne. Bai faɗi huɗun wane gari ba.

Yara suka zo bayan La'asar, sun wanke ƙafa, wasu har da shafa mai, suna ɗokin ganin littattafan nan masu hotuna da aka ce an kawo. Suka tarar da kwaɗo. Suka jira, suka gaji, masu aike suka tafi aike, masu makarantar allo suka tuna da bulalar malaminsu suka ruga. Rana ta yi ja-ja sannan ga Ɗantani yana tafe yana taƙama, makulli na reto a yatsa.

"Sun zo sun tafi," in ji 'Yardada, tana juya ƙosai.

"Gaggawa suka yi. Yanzu huɗu ta yi a Landan."

"Au, haka ne? To zauna ka jira yaran Landan ɗin, ina jin suna Ƙofar Mazugal."

Masu sayen ƙosai suka kwashe da dariya. Ɗantani ya ce jahilci ya fi hauka wuyar magani, ya shige ɗakinsa ya zauna shi da agogo har aka kira Magariba.

Da wani ne, da ya ga haka sai ya saki. Shi kuwa sai ya gano cewa matsalar rashin sanarwa ce. A gindin durumin makaranta akwai guntun ƙarfen reluwe a rataye, wanda ake bugawa a shiga aji, a fita shan iska, a tashi. Duk unguwa sun san bugunsa. Sun kuma san cewa in aka ji shi da yamma, ba ƙaƙƙautawa, to gobara ce. Ɗantani kaɗai, da ya san kome, bai san wannan ba.

Ranar kuma ya ga gara ta fara hanya a bayan kabad. Ya ce a Zariya hayaƙi ake mata. Ya samo kasko, ya zuba garwashi, ya ɗora busasshen kashin shanu, ya watsa barkono dintsi guda don ta ji a jikinta. Ya ajiye a tsakar ɗaki ya ja ƙyaure. Agogonsa na buga huɗu ya fita ya kama ƙarfen reluwe da duka, iya ƙarfinsa, kamar ya kama ɓarawo. Da ya ga ya isa, ya koma ciki ya tsaya a bayan ƙyaure yana tari, yana jiran masu karatu.

Sun kuwa zo. Ba a taɓa ganin taro irin wannan a laburare ba. Marina suka fito da hannuwa shuɗi, dukawa suka yar da fata, 'yan ga-ruwa suka juyo da tulunansu, mata na miƙo masaki da ƙwarya ta kan katanga. Ga hayaƙi na tuƙuƙi ta taga, ga tarin mutum a ciki.

"Akwai rai a ciki! Ku kawo ruwa!"

Ɗantani ya buɗe ƙyaure, ya buɗe baki zai ce lale marhabin, bokitin farko ya same shi a fuska. Na biyu ya tafi da hularsa. Wani marini da bai sami ruwa kusa ba ya kamfato ruwan baba na rini, ya sheƙa masa daga kai har ƙafa. Barkonon da ruwa ya taɓa ya tashi, duk wanda ya shiga sai ya fito yana atishawa yana hawaye, na baya su ɗauka wutar ce ta yi ƙarfi su ƙara himma.

Allah ya taimaki littattafan, kabad a rufe yake. Agogo ma yana can sama. Taswirar duniya ce ta sha, launukanta suka narke, jan Ingila ya gangaro ya malale Afirka har ƙasa.

'Yardada ta leƙa ta ce, "Ɗan Hajo, wannan shuɗin na Landan ne ko na Kano?"

Kwana da kwanaki kunnuwansa ba su koma launinsu ba.

Bayan wannan, Malam Salihu ya kira shi ofis, karo na farko da aka ga fuskarsa a murtuke. Ya ce ran Laraba Sufeton makarantu zai zo. In ya tarar ba a karanta littattafan nan, zai kwashe su ya kai wata makaranta, kuma yaran unguwar nan ba su da wasu. Ya roƙe shi don girman Allah ya kawo makullin.

"Makulli? Ranar da Sufeto zai ga aikina? Allah ya gafarta Malam, abin da ya rage kaɗan ne. Horo ne babu. Laburare sai da soja."

Ba wasa yake ba. Maigadin makarantar, Kofur Mala, Babarbare ne tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, ƙato mai gashin baki, wanda tun da aka sallame shi yake neman wanda zai ba shi oda bai samu ba. Ɗantani ya kira shi, ya miƙa masa makullin kwaɗo.

"Kofur, daga yau kai ne ƙofa. In ka ji agogon nan ya buga huɗu, ka buɗe. In ya buga biyar, ka rufe ka sa kwaɗo nan take, ko wane ne a ciki, ko wane ne a waje."

"Ko Hedimasta?"

"Hedimasta aji yake mulki. Nan ƙasata ce."

"Ko Gwamna?"

"Ko Gwamna. Kai, ko ni da kaina na ce ka buɗe, kada ka buɗe. Jarraba ka nake yi."

Kofur ya buga ƙafa ya sara masa, idonsa har da ƙwalla don daɗi. Ya ɗaura makullin a jikin layar damtsensa.

Laraba ta zo. Sufeto, Malam Lawal, Bazazzagi ne gajere mai tumbi da tabarau, ya iso a kan babur ƙarfe huɗu daidai na mutanen Kano. Ya tarar da Hedimasta da malamai da yara a jere, iyaye a gefe, ƙyauren laburare a garƙame, Kofur a gabansa da kulki kamar an dasa shi.

"A buɗe mana," in ji Sufeto.

"Bai buga ba."

"Wa?"

"Agogo."

Hedimasta ya sunkuya ya raɗa masa zancen Landan. Sufeto ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Ku Kanawa, ko lokacin ma sai kun sayo na waje?" Aka kawo masa kujera gindin durumi. Ya zauna yana kaɗa ƙafa sa'a guda, yara na tsaye a rana.

Can sai ga Ɗantani cikin babbar riga mai sitaci, tana ƙara kamar busasshen ganye, alƙaluma uku a aljihu, babu mai tawada ko ɗaya. Isowarsa ke da wuya agogo ya buga huɗu. Kofur ya buɗe. Yara suka yunƙura. Ɗantani ya tare bakin ƙofa da hannuwa biyu, ya yi gyaran murya.

"Ladis an jantulman!"

Ya fara daga ranar da ɗan Adam ya fara feƙe kara ya yi alƙalami. Ya bi ta Masar, ya ratsa Istambul, ya sauka Ingila ya daɗe a can. Ya ba da labarin kwas ɗinsa na Zariya, da yadda Baturen wurin ya rufe fuska da jarida don kunyar ilminsa. Sufeto ya yi tari, Ɗantani ya ɗauka tafi ne. Hedimasta ya ja masa riga, ya fizge. Wani yaro ya yi barci a tsaye. 'Yardada ta soya kasko uku ta sayar. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai ga cewa, "Saboda haka, ranka ya daɗe, bisimilla, kai ne na farko."

Sufeto ya shiga. Ɗantani ya bi shi. Hedimasta ya ɗaga ƙafa zai tsallaka dokin ƙofa.

Dam! Dam! Dam! Dam! Dam!

Kofur ya ture Hedimasta da gefen hannu, ya ja ƙyaure garam, ya datse kwaɗo, ya juya ya ƙame.

Sannan muryar Ɗantani ta fito ta taga, da 'yar dariyar yaƙe.

"Madalla, Kofur! Ka ga aiki, ranka ya daɗe? Horona ne. To, Kofur, buɗe."

"Bai buga huɗu ba."

"Ni ne fa, Malam Ɗantani. Na ce ka buɗe."

Kofur ya yi murmushi a ƙarƙashin gashin baki. "Na gane, Malam. Jarraba ni kake."

"Ba jarrabawa ba ce! Wallahi ba jarrabawa ba ce!"

"Haka Manjo yake cewa a Bama."

Hedimasta ya matso ya ce, "Haba Baba Mala, Sufeto ne fa a ciki."

"Kai aji kake mulki. An gaya mini."

Sufeto ya manna fuska a sandunan taga. "Kai Kofur, ka san ko ni wane ne?"

"Ka fi Gwamna?"

"A'a."

"To."

Wasu samari suka yi shawarar a danne shi a ƙwace makullin. Kofur ya juya kulki sau ɗaya a iska, shawarar ta mutu. Labari kuwa ya riga ya bi lungu. Daga Sheshe, daga Goron Dutse, har masu tashi daga Kurmi suka ratso, aka cika filin makaranta, wasu a kan katanga, wasu a kan durumi.

A ciki Sufeto ya juyo. "Malam, sai yaushe agogonka zai buga huɗu?"

"Gobe, ranka ya daɗe. Amma kada ka damu, ni agogo a tafin hannuna yake. Yanzu zan kai shi."

Ya naɗe riga ya hau benci, ya buɗe gilashin, ya sa yatsa ya fara tura dogon hannun gaba. Agogo ya buga shida.

"Shida," in ji Kofur daga waje. "Ba ita ba ce."

Ya ƙara zagaye. Bakwai. Yara, da aka horar da su ƙidaya da baki ɗaya, suka kama da kansu. Kowane bugu sai fili ya amsa, "Ɗaya! Biyu! Uku!" Kafin a kai tara iyaye sun shiga. A sha biyu har na kan durumi suna yi, wani makaɗi da ya zo wucewa ya sa kalangu. Agogon ya fara wani irin nishi a ciki, kamar jakin da aka yi wa lodi. Ɗantani bai kula ba, ganin taro ya sa kansa ya kumbura, har yana leƙowa ta taga yana ɗaga hannu.

Ɗaya. Biyu. Uku.

"Saura ɗaya!" jama'a suka ɗauka. Kofur ya fara kwance makulli daga damtse.

Ɗantani ya waiwayi Sufeto ya ce, "Ka gani? Ilmi ke nan." Ya ba hannun wani mugun turi don a gama da ƙawa. Wani abu ya ce tas a cikin agogon, wata waya ta yi tsalle ta wuce ta gefen kunnen Sufeto, harshen ya tsaya cak. Dogon hannun kuwa ga shi a tsakanin yatsun Ɗantani.

Kofur ya jira. Da bai ji kome ba, ya mai da makulli ya ɗaure.

Sufeto ya dubi guntun hannun agogon. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, abin da ya fi zagi tsoratar da Ɗantani. Gogan ya sauko daga benci, ya duba hagu ya duba dama, sannan ya durƙusa a ƙarƙashin taga inda ba a ganinsa, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya cika ƙirji da iska.

"Daaam! Daaam! Daaam! Daaam!"

Kowa ya juya ya dubi Kofur.

"Na san kukan ƙarfe, na san kukan mutum," in ji Kofur. "Wannan mutum ne."

"Agogo ne!" in ji agogon.

'Yardada ta dafa gwiwa ta ce, "Jama'a, agogon nan muryar Hajo gare shi sak!"

Aka fashe. Wani ya faɗo daga durumi don dariya. Malamai suka juya baya kafaɗunsu na rawa, Malam Salihu kansa sai da ya cusa hannun riga a baki. Ana cikin haka ladan ya kira Magariba. Aka zura wa Sufeto buta ta tsakanin sanduna, aka naɗe tabarma aka tura masa. Ya yi alwala a kaskon hayaƙin gara, ya yi salla a ɗakin tsintsiya, Ɗantani na bayansa yana bin sa a ɗarare. Jama'a suka yi tasu a fili, babu wanda ya tafi gida, kowa na tsoron a ƙare ba shi.

Da aka sallame, Hedimasta ya aika aka kira kafinta. Ya tambayi Kofur ko akwai odar da ta hana a taɓa ƙusoshin ƙyaure. Kofur ya yi tunani mai zurfi ya ce odarsa ta kwaɗo ce. Kafinta ya zare ƙusoshin ɗaya gefen, ƙyauren ya buɗe ta baya, yana reto a jikin kwaɗon da har yanzu yake a datse. Kofur ya matsa kusa da kwaɗonsa ya ci gaba da gadi.

Sufeto ya fito riƙe da wani ƙunshi. Ya ɗaga shi sama a hasken fitilar 'Yardada don kowa ya gani. Littattafai ne, a ɗaure tamau da igiya.

"Da na rasa abin yi a ciki, na buɗe kabad. Duk haka suke. Igiyar da aka ɗaure su da ita a Zariya ko kwance ta ba a yi ba. Malam Ɗantani, wanne ka karanta a ciki?"

"Ranka ya daɗe, ai mai laburare ba ya karantawa. Tsarawa yake yi."

"Gobe mota za ta zo ta kwashe su."

Dariya ta ɗauke. Yaran da suka daɗe a tsaye, ba su ko taɓa bangon littafi ba, wasu suka fara sheshsheƙa. Malam Salihu ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce laifin nasa ne da ya ba da makulli don gudun surutu, a hukunta shi, a bar wa yara littattafansu. Iyaye suka sa baki. Sufeto ya daɗe yana kallon yaran, sannan ya tambaye su yaushe suke da sarari. Suka ce in an sallame La'asar, kafin a tafi allo.

"To lokacin ke nan. In liman ya sallame a buɗe, in kun ji yunwa a rufe. Hedimasta, ka sayi sabon kwaɗo ka riƙe makullin da kanka. Wancan a bar wa Kofur, ya ci gadonsa." Ya yanke igiyar da wuƙar kafinta, ya miƙa wa yaran gaba ƙunshin. Sannan ya juya ga Ɗantani. "Kai kuma, ka koma aji ɗaya. In na sake jin ka kusanci wani abu mai ƙofa, sai na kai ka inda ko rana ba ta da lokaci."

Ya hau babur ya tafi. Ɗantani ya ratsa taro zai nufi Sheshe, yara na biye da shi, kowane taku suna ba shi "Dam!"

Duk wanda ya ɗauka zai kwana biyu bai fito ba, bai san shi ba. Da sassafe ga shi a gaban kaskon 'Yardada, cikin rigar jiya da sitacinta ya mutu, ya tara 'yan dako uku yana musu bayani.

"Ku ba ku san sirrin aiki ba. Sufeton nan, duk makarantar da ya je, leƙawa yake ya wuce. Ku gaya mini, duk faɗin Lardin Kano, wane laburare ne ya taɓa zama a ciki har ya yi sallar Magariba? Nawa kaɗai. Da ƙyar aka fitar da shi. Sai da aka cire ƙofa."

'Yardada ta tsamo ƙosai ta zuba masa a ganye.

"Gaskiyarka, ɗan Hajo. Ungo, ci da zafinsa. In ka gama ka buga mana bakwai, yara su shiga aji."